Hatsin kifi ma a duba shi kamar na tuwo

'Yan'uwa 'yan kasuwa, muna jawo hankalinku ga masu kiwon tarwada da ke awo a rumfunanmu. Tun da aka gama madatsar ruwan Challawa ta Karaye a 1992 sha'anin kifi ya ƙaru a wajenmu.

Mutanen bakin teku, irin na Epe a ƙasar Ikko, suna da ruwan zartsi, garin kifi kuma yana kusa da su. Mu nan Beli ruwan daɗi gare mu, abin hannunmu masara ne da waken suya da ƙuli-ƙuli. Tarwada tana son abincin da wajen kashi 40 cikin 100 nasa mai gina jiki ne, masara kuwa ba ta kai 10 ba. Don haka ake haɗa ta da wake da ƙuli-ƙuli da garin kifi, a ƙara garin ƙashi, ɗan gishiri da garin bitamin. Waken sai an gasa shi, ɗanye yana tsumbure kifi.

To, wasunmu kan ce ai kifi ne zai ci, su tura wa mai kiwo buhun da ya sha danshi. Funfunar masara da gyaɗa tana da dafi mai cin hanta, dahuwa ba ta kashe shi, bitamin ba ya gyarawa. Kifi ya ƙi girma, mutum ya yi asarar jarinsa. Wannan algus ne, mu bar shi. Mai saye kuma ya kwance bakin buhu, ya zura hannu har ƙasa, ya sunsuna kafin ya biya.