Tashar Awon Yanayi Da Ɗan Aikenta

Kun taɓa lura da halin ruwan bazara? Wata rana sai a tafka ruwa a unguwarku har kwata ta cika, amma in kun je makaranta sai wani yaro ya ce su ko ɗigo ba su gani ba. Ga shi kuwa tsakaninku da su bai fi tafiyar rabin sa'a ba. Manomin da ya ji labarin ruwan unguwarku, ya ɗauki iri ya je ya zuba a gonar da ba ta jiƙu ba, ya yi hasarar irinsa. Saboda haka sanin inda aka yi ruwa, da yawan da aka yi, ba ƙaramin abu ba ne.

Mutane sun daɗe suna auna ruwan sama. A ƙasar Koriya, cikin shekarar 1441, zamanin Sarki Sejong, aka ƙera ma'aunin ruwa, daga baya aka rarraba irinsa ga larduna. Masu mulkin larduna suna aunawa, suna aika wa fada. Amma labarin nan da ƙafa ya ke tafiya, ko bisa doki. A shekarar 1849 aka fara tattara labarin yanayi ta wayar tangaraho a Amurka. Daga nan labari ya fara riga hadari isa gari. Yau kuwa intanet ke wannan aiki, watau hanyar nan da kwamfutoci da wayoyin hannu na duniya su ke aika wa juna saƙo.

A Amurka da Turai mutane da yawa suna da ƙaramar tashar awon yanayi a bayan gida. Bari mu ga yadda ta ke, da yadda a ke haɗa ta da intanet.

Kayan Da Ke Waje

Tashar gida kashi biyu ce. Kashi na farko yana waje, bisa turken ƙarfe, rana da ruwa suna dukansa. A nan ma'aunai su ke.

Akwai ma'aunin zafi da ma'aunin laimar iska. Su biyun suna ɓoye cikin waɗansu fararen faranti da aka kifa, wani bisa wani, da 'yar tazara tsakaninsu. Faranti suna tare rana, iska kuwa tana ratsawa. Wani mutumin Sikotilan, Thomas Stevenson, shi ya fito da farin akwati mai irin wannan aiki a shekarar 1864.

Akwai ma'aunin iska. Shi kamar ludaya uku ne da aka haɗa a kan sanda. In iska ta busa sai su yi ta juyawa, yawan juyawarsu shi ke nuna ƙarfinta. Kusa da su akwai kibiya mai nuna inda iskar ta fito.

Sa'an nan akwai ma'aunin ruwan sama. Samansa mazurari ne. Ƙarƙashin mazurarin akwai 'yan cokula biyu haɗe da juna, suna rinjaya kamar sikeli. In ɗaya ya cika sai ya rinjaya ya zubar, ɗayan ya taso ya tari ruwa. Ko wace rinjaya, wani ɗan maganaɗisu yana wucewa ta jikin makunni, sai a ƙirga ɗaya. A ma'aunai da yawa rinjaya ɗaya milimita 0.2 ce, watau rinjaya 50 ita ce milimita 10.

Kada ku rena milimita 10. Milimita 1 ta ruwan sama daidai ta ke da lita 1 a bisa fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. In an yi milimita 10 a gona mai hekta 1, an zuba mata lita 100,000 ke nan, watau duro 500 masu cin lita 200.

Ɗan Aike

Kashi na biyu yana cikin ɗaki. Ɗan akwati ne, wani bai fi tafin hannu ba. Za mu kira shi ɗan aike, gama aikinsa ke nan. Ma'aunan waje suna aiko masa da lambobi ta wayar iska bayan ko wane 'yan daƙiƙoƙi, shi kuma ya miƙa su ga intanet. A cikinsa kuma galibi a kan sa ma'aunin nauyin iska, don wannan ba ya bukatar fita waje.

To, ga abin da ya kamata ku riƙe. Ɗan aiken nan ba shi da ido, ba shi da hankali. Abin da aka ba shi, shi ya ke kai wa duniya, ba ƙari ba ragi. In an ba shi gaskiya ya kai gaskiya, in an ba shi ƙarya ya kai ƙarya, da sauri kuwa. Saboda haka nauyin yana kan wanda ya kafa shi.

Tun wajen saye a ke fara lura. Ma'aunan da aka yi don Amurka galibi suna magana a kan zangon rediyo na megahaz 915, na Turai kuwa 868. In ɗan aike na wannan zango ne, ma'aunai kuma na wancan, sun zama kamar mutum biyu da ba su jin harshen juna. Sai a duba kwali a tabbata lambarsu ɗaya.

Inda Za A Kafa Turke

A nemi fili, nesa da itace da gini. Ƙa'ida ita ce nisan ma'aunin ruwa daga itace ya kai aƙalla ninki biyu na tsawon itacen. In darbejiya ta kai mita 6, sai a ja da baya mita 12. In an matsa kusa, ganye ya tare ruwa, ko kuwa ya yi ta ɗiga cikin mazurari bayan an ɗauke.

Ma'aunin zafi yana son ya kasance tsakanin mita 1.25 da mita 2 daga ƙasa, bisa ciyawa ko turɓaya. Kada a ɗora shi kan rufin kwano, ko kusa da siminti, ko murhu, ko janareta. Duk wanda ya taka siminti da tsakar rana a watan Afrilu ba takalmi ya san dalili. Ma'aunin zai auna zafin kwano, ɗan aike kuma ya gaya wa duniya zafin gari ne.

Hukumomin yanayi suna auna iska a mita 10 daga ƙasa. Tashar gida da ma'aunanta ke haɗe wuri guda ba ta iya cika wannan ƙa'ida tare da ta zafi. Saboda haka mai ita ya kan zaɓi mita 2 a fili, ya kuwa san cewa iskar da zai gani za ta kasa ta hukuma ƙarfi.

Turke ya tsaya cak, kada ya karkace. In ya karkace, cokali ɗaya zai riƙa rinjaya tun bai cika ba. A jikin tashoshi da yawa akwai ɗan gilashi mai kumfa a ciki. In kumfan ya zauna tsakiya, an daidaita.

Akwai kuma alamar arewa, wadda a kan rubuta da harafin N. Dole ta dubi arewa. In kun fuskanci inda rana ke fitowa, arewa tana hannunku na hagu, amma kamfas ya fi tabbas, wayoyin hannu da yawa kuwa suna da shi. In aka juya alamar kudu, iskar hunturu da ke zuwa mana daga arewa maso gabas sai a rubuta ta iskar damina ce, mai zuwa daga kudu maso yamma.

Aikin kafa turke na manya ne. Ba a yinsa in hadari ya haɗu, don dogon ƙarfe yana jawo tsawa.

Yadda A Ke Haɗawa

Ba a fara ɗora tasha bisa turke sai an gwada ta a ɗaki. Da farko a jona ɗan aike da wuta. Sa'an nan a sa wa ma'aunai batir, a ajiye su kusa da shi har su gane juna.

Daga nan sai a ɗauko wayar hannu, a buɗe manhajar da kamfanin ya yi. Manhajar za ta nemi sunan waifai na gida, watau wayar iskar da ke raba intanet a ɗakuna, da kalmar sirrinsa. A rubuta a hankali, gama harafi ɗaya in ya kauce ƙofa ba ta buɗuwa. Yawancin 'yan aiken nan waifai mai gigahaz 2.4 kaɗai su ke ji. In an ga sun ƙi kamawa, nan a ke fara dubawa.

In lambobi sun fito a waya, sai a gwada. A hura ludaya, a ga ko lambar iska ta motsa. A zuba ruwa kaɗan kaɗan cikin mazurari, a saurari ƙarar cokula. Wannan gwaji yanzu a ke yinsa, tun ba a haɗa da duniya ba, in an gama kuma a share lambobin. In ba haka ba, sai mutanen wata ƙasa su ga an yi ruwa a garinku cikin watan Janairu.

Bayan an kafa tasha a waje, a ajiye ɗan aike kusa da taga mai duban turken. A fili saƙon ƙananan tashoshi ya kan kai kamar mita 100, amma katanga mai kauri da kwano suna rage shi ƙwarai.

Abubuwa Uku Da Za A Gaya Masa

Na farko, wuri. Za a nuna muku taswira, ku sa alama inda tashar ta ke. Kano, alal misali, tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Taswirar nan kowa yana iya ganinta, saboda haka sai da yardar maigida.

Na biyu, tudun wurin. Iska tana da nauyi, kuma in mutum ya hau sama kamar mita 8, nauyinta ya kan ragu da wajen miliba 1. Kano ta ɗara bakin teku da kamar mita 480, Jos kuwa fiye da mita 1,200. Raguwar nauyin iska alamar hadari ce a wurare da yawa. In ba a gaya wa ɗan aike tudun Jos ba, lambarsa za ta yi ƙasa ƙwarai, ba a iya gwada ta da ta Legas.

Na uku, lokaci. Agogon Nijeriya da Nijar yana gaba da na Girinwic da sa'a 1, na Gana kuwa daidai ya ke da shi. In an sa agogon wata ƙasa mai nisa, ruwan daren Talata sai ya faɗa lissafin Laraba.

In an gama, sai a yi rajista a shafin da ke tattara labarin tashoshi. Za su ba da lambar tasha da mabuɗi, a rubuta su cikin manhaja. Ba da daɗewa ba sai ɗigon garinku ya bayyana a taswira.

Ina Labarin Ke Zuwa?

Ɗaya daga irin shafukan nan shi ne Weather Underground, wanda aka kafa a Amurka a 1995. Tashoshin gida fiye da 200,000 sun yi rajista da shi. Akwai kuma shirin masu sa kai da a ke kira CWOP, wanda lambobinsa ke isa hukumar yanayi ta Amurka. A can kwamfuta tana gwada ko wace tasha da maƙwabtanta. Wadda ta cika saɓa musu sai a sa mata alamar shakka. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

A Afirka tashoshin awo ba su da yawa, alhali yawancin manomanmu da ruwan sama su ke noma. Nijeriya tana da hukumar NiMet, wadda aka kafa a 2003, tana fitar da hasashen damina ko wace shekara. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET tun 1974, mai lura da ruwa da noma a ƙasashen Sahel. Akwai kuma ƙungiyar TAHMO, wadda ta sa wa kanta burin kafa tashoshi 20,000 a Afirka. Ta kafa ɗaruruwa, da yawa a makarantu. Nata tashoshin da hasken rana su ke aiki, suna aika saƙo ta layin wayar hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In tashoshi sun yawaita, hasashe ya fi zama daidai.

Kula Da Tasha

Kafawa ba ita ce ƙarshen aiki ba. Ƙurar hunturu tana toshe mazurari. Gizo-gizo yana ɗaure cokula da saƙa, zanzaro yana gina ɗaki a ciki, tsuntsaye suna kashi a kai. Tashar da mazurarinta ya toshe za ta ce ba a yi ruwa ba, ko da an kwana ana yi. Saboda haka kafin ruwan farko a cire batir, a wanke mazurari da cokula, a goge faranti. Ɗauke wuta kuma yana sa ɗan aike ya yi shiru, don haka ya kyautu a haɗa shi da batirin ajiya, shi da akwatin waifai.

Wanda ba shi da kuɗin tasha ma yana iya farawa. Ku sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da shimfiɗaɗɗen gindi, ku ajiye shi a fili. Ko wace safiya, a lokaci guda, ku tsoma rula ku auna zurfin ruwan, ku rubuta a littafi, ku zubar. Ran da kuka manta, ku bar gurbin ranar, kada ku cika shi da zato. Yaron da ya saba rubuta gaskiya da gwangwani, shi za a amince wa da tasha.

Tambayoyi

1. Don me a ke ɓoye ma'aunin zafi cikin fararen faranti?
2. In cokula sun rinjaya sau 75, milimita nawa aka yi?
3. Itace ya kai mita 9. Mita nawa za a ja da baya?
4. Faɗi abubuwa uku da za a gaya wa ɗan aike.
5. Me ya sa a ke gwada mazurari tun ba a haɗa tasha da duniya ba?