Me Ya Sa Taransfa Ke Maƙalewa? Yadda Rumbun Bayanai Ke Magana Da Ɗan'uwansa Na Nesa

A rumfunan 'yan POS da ke Ƙofar Kwaya a birnin Katsina, babu rigimar da ta kai wannan yawa: an cire kuɗi daga asusun kwastoma, alat ya shigo wayarsa, amma mai POS ya ce shi bai ga komai ba. Amsar da aka saba bayarwa ita ce "sabis ne". To amma sabis ɗin wa, kuma a ina ya yanke? Abin da ya faru shi ne kwamfutoci biyu, kowace da littafin lissafinta, sun fara wani aiki tare amma ba su gama shi tare ba. Wanda ya gane wannan zai san abin yi idan kuɗinsa suka maƙale, mai koyon haɗa manhaja kuma zai san ramin da ke jiransa.

Mene ne rumbun bayanai?

Rumbun bayanai manhaja ce da ke adana bayanai a cikin tebura, kamar littafin bashi na mai shago: kowane layi mutum ɗaya, kowane gida a layin kuma suna, ko lamba, ko kuɗi. Edgar Codd, wani masani a kamfanin IBM, shi ya fito da wannan tsari a 1970, inda tebura ke da alaƙa da juna ta hanyar wata lamba da suka yi tarayya a kanta. Yaren da ake yi wa irin wannan rumbu tambaya da shi ana kiransa SQL.

Ba sai ka je banki za ka ga irinsa ba. Kowace wayar Android da iPhone tana ɗauke da wani ɗan ƙaramin rumbu mai suna SQLite, kuma a cikinsa ne WhatsApp ke ajiye saƙonninka a wayar Android. Muddin bayanan suna wuri ɗaya, aiki mai sauƙi ne. Wahala tana farawa ne idan amsar da ake nema tana cikin wani rumbu dabam, a wata kwamfuta, a wani gari.

Rumbu ɗaya ba ya isa

Rayuwar mai waya a Najeriya cike take da irin wannan. Taransfa daga banki zuwa wani banki tana bi ta tsarin NIP na kamfanin NIBSS, wanda ya fara aiki a 2011. Lambar BVN mai alƙaluma 11, wadda aka ƙaddamar a Fabrairun 2014, tana sa bankuna su tabbatar da cewa mutum ɗaya ne ke da asusu a wurare da yawa. A Disambar 2020 aka umarci a haɗa kowane layin waya da lambar NIN, kuma a Afrilun 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. Mutane da yawa sun miƙa lambarsu amma layin bai buɗu ba, saboda sunan da ke rumbun kamfanin waya bai yi daidai da wanda ke rumbun hukumar NIMC ba.

Hanya biyu ce ake haɗa rumbuna. Ta farko ita ce a sa manhaja a tsakani, wato API: kai ka aika tambaya, ita ta shiga ciki ta kawo maka amsa, ba ka taɓa rumbun da hannunka ba. Haka hukumomi da kamfanoni mabambanta suka fi mu'amala da juna. Ta biyu ita ce mahaɗa kai tsaye, inda rumbu ɗaya zai ga teburin ɗaya rumbun kamar nasa ne. Wannan an fi yin ta a cikin gida, tsakanin rassan kamfani ɗaya ko sassan makaranta ɗaya. Duk biyun matsala ɗaya suke fama da ita, amma a ta biyu ce aka fi ganin ta ƙarara.

Yadda ake ƙulla mahaɗar

Kowane babban rumbu yana da sunan da yake kiran abin. Oracle na kiransa database link. SQL Server na Microsoft na kiransa linked server. MySQL yana da FEDERATED. PostgreSQL, wanda kyauta ne, yana da dblink da kuma postgres_fdw.

A ce wani mai sayar da kayan waya yana da shago a Ƙofar Kwaya da reshe a Funtua, kowane shago da kwamfutarsa da rumbun PostgreSQL ɗinsa. Kwastoma ya zo neman wata caja, ta ƙare a Katsina. Maimakon a kira yaron shagon Funtua a waya ya duba kanta, rumbun Katsina zai iya tambaya da kansa. Matakai huɗu ne:

1. CREATE EXTENSION postgres_fdw: kunna kayan aikin.
2. CREATE SERVER: gaya masa adireshin uwar garken Funtua da sunan rumbun.
3. CREATE USER MAPPING: ba shi sunan shiga da kalmar sirrin da zai gabatar a can.
4. IMPORT FOREIGN SCHEMA: ɗauko fasalin teburan can.

Daga nan sai a rubuta tambaya kamar kullum:

SELECT suna, adadi FROM funtua.kaya WHERE suna = 'caja';

Abin lura shi ne ba a kwafo kayan Funtua an ajiye a Katsina ba. Duk lokacin da aka yi tambaya, sai ta bi intanet ta je, amsa ta dawo. Saboda haka yadda aka rubuta tambayar yana da tasiri a kan data da lokaci. Idan sharaɗin WHERE mai sauƙi ne, postgres_fdw zai tura shi can a tace, layi ɗaya kawai ya dawo. Idan kuwa an yi amfani da wani abin da rumbun can bai sani ba, to sai ya kwaso teburin gaba ɗaya ya tace a gida. Teburi mai layi dubu ɗari a kan sabis mai rauni, kwastoma zai gaji ya tafi. Umarnin EXPLAIN VERBOSE yana nuna ainihin abin da aka aika can, kuma ya kamata a riƙa duba shi.

Karantawa da sauƙi, gyarawa da haɗari

A 2011 PostgreSQL ya fara ba da damar karanta teburan waje ta wannan tsari. Sai a 2013, a siga ta 9.3, aka ba da damar rubutu da gyara da sharewa. Rubutu ya fi karatu nauyi nesa ba kusa ba.

A ce an yanke shawarar ɗauko caja 20 daga Funtua zuwa Katsina. Rubutu biyu ne: a rage 20 a can, a ƙara 20 a nan. A cikin rumbu ɗaya wannan ba matsala ba ce, don akwai ƙa'idar "ko duka ko babu": ko rubutun biyu su tabbata tare, ko a soke su tare. Amma a nan kwamfutoci biyu ne. Idan Funtua ta rage nata, sai wuta ta ɗauke a Katsina kafin ta ƙara, caja 20 sun ɓace a lissafi alhali suna nan a kwali. Sa naira a madadin caja, ka sami rigimar rumfar POS.

Maganin da masana suka daɗe da fitarwa shi ne tabbatarwa mai mataki biyu, kuma ta yi kama da aikin dillali a kara. Da farko dillali zai tambayi mai dabba ko ya sallama, ya tambayi mai saye ko ya saya. Babu wanda ya karɓi igiya ko kuɗi tukuna, amma kowa ya ɗaure kansa da magana. Sai duka biyun sun amsa sannan zai ce ciniki ya faɗa. Idan ɗaya ya ƙi, an fasa, kowa ya riƙe nasa. Raunin tsarin shi ne idan dillalin ya ɓace bayan kowa ya amsa: mai dabba ba zai sayar wa wani ba, mai kuɗi ba zai tafi ba, sai an jira shi.

Oracle yana yin wannan da kansa idan gyara ya shafi rumbuna biyu. SQL Server yana dogara da wani mataimaki mai suna MSDTC. Shi kuwa postgres_fdw ba ya yi: yana rufe cinikin can, sannan na gida, kuma tsakanin biyun akwai 'yar tazarar da matsala za ta iya faɗawa. FEDERATED na MySQL ma ba shi da ƙa'idar "ko duka ko babu" ɗin sam. Wanda bai san wannan bambanci ba zai gina manhajar da ke aiki lafiya a ɗakinsa, ta riƙa cin kuɗin mutane a kasuwa.

A harkar banki, kowace taransfar NIP tana da lambar shaida mai alƙaluma 30 da ake gani a rasit. Da ita ake tambayar ɗaya ɓangaren ko saƙon ya iso, da ita kuma ake daidaita lissafi daga baya a mayar da kuɗin da ba su isa ba. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, mutane sun koma taransfa a lokaci guda, layukan suka cika, irin wannan maƙalewa ta zama ruwan dare. Don haka idan kuɗinka suka tsaya a hanya, kada ka yi saurin sake turawa, don na farkon na iya isa daga baya ka biya sau biyu. Ka ajiye rasit, ka kai ƙorafi bankinka da lambar shaidar. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna wa'adin awa 72 su warware cinikin POS da ya gaza.

Kowace mahaɗa ƙofa ce

Ƙofar Kwaya kanta ɗaya ce daga ƙofofin ganuwar Katsina, kuma magabata ba su huda ganuwa sun bar ta babu mai tsaro ba. Haka mahaɗar rumbu take. Kalmar sirrin Funtua yanzu tana ajiye a Katsina, ke nan wanda ya fasa kwamfutar Katsina ya sami mabuɗin shago biyu. Idan kuma sunan shigar da aka bayar na mai cikakken iko ne, umarnin DELETE guda ɗaya da aka manta sa masa sharaɗi zai share teburin can kaf.

Ƙa'idojin ba su da yawa. A buɗe wa mahaɗar sunan shiga nata na kanta, a ba shi iko a kan teburan da yake buƙata kawai. Idan karatu ya wadatar, kada a ba shi damar rubutu. A ɓoye saƙon da ke tafiya ta hanyar kunna SSL. Kada a bar mashigar rumbun, wato lamba 5432 a PostgreSQL, a buɗe ga duk duniya. A kuma riƙa ajiye tarihin wanda ya tambayi me.

A Maris 2024 kafar binciken ƙwaƙwaf ta FIJ ta ruwaito cewa wani shafi mai suna XpressVerify yana sayar da bayanan NIN na mutane a kan 'yan kuɗi kaɗan. NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba. Darasin yana nan daram: ba sai an fasa katanga bayanai ke fita ba, ƙofar da aka buɗe don tantancewa ma ta isa idan babu mai lura da masu wucewa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora alhakin tsaron bayanai a kan wanda ya tara su, ko da ɗan ƙaramin shago ne mai ajiye sunaye da lambobin kwastomomi.

Ga mai son gwadawa

Ba sai da uwar garke mai tsada ba. A wayar Android, manhajar Termux tana ba da damar sauke SQLite. A ƙirƙiri rumbu biyu, a haɗa su da umarnin ATTACH DATABASE, a gwada tambayar da ta ɗauko bayani daga duka biyun. Wannan haɗin fayil biyu ne a waya ɗaya, amma yana koyar da tunanin. Mai laftof kuma zai iya sauke PostgreSQL, ya buɗe rumbu biyu, ya bi matakai huɗun nan na sama.

Gwaji mafi amfani shi ne na ƙarshe: a fara gyaran da ya shafi rumbunan biyu, a kashe ɗaya a tsakiyar aiki, sannan a kunna a duba lissafi. Manhajar da za ta yi aiki a inda wuta da sabis ke yankewa ba sallama, dole ne mai gina ta ya san amsar tambaya ɗaya tun kafin ya miƙa ta ga mai shago: idan layi ya yanke a daidai nan, kuɗin wa za su ɓace, kuma ta yaya za a dawo da su?