Shugaban Ƙasa da Masu Bincikensa: Takun-saƙa Tsakanin Fadar Amurka da Hukumomin Tabbatar da Doka na Tarayya

1.0 Gabatarwa

Idan ana zargin shugaban ƙasa ko na hannun damansa da karya doka, wa zai bincike shi, alhali shi ne ya naɗa masu binciken, kuma yana da ikon korarsu? Wannan maƙala za ta dubi yadda tambayar ta yi ta tasowa a ƙasar Amurka, daga zamanin J. Edgar Hoover zuwa shekarar 2025. Ɗalibin da ke sauraren labaran duniya da Hausa yakan ji ana ambaton hukumar FBI da ministan shari'a da mai bincike na musamman, saboda haka yana da kyau ya san matsayin kowannensu. Abin da za a nuna shi ne, cin gashin kan da ake cewa waɗannan hukumomi suna da shi ya fi dogara ga al'ada da halin mutanen da ke riƙe da muƙaman fiye da rubutacciyar doka.

2.0 Yadda Aka Tsara Ikon

Amurka tarayya ce ta jihohi 50. Kowace jiha tana da dokokinta da kotunanta da ƴan sandanta, kuma akasarin laifuffuka, kamar sata da kisan kai, a hannun jihohi suke. Gwamnatin tarayya da ke Washinton tana kula ne da laifin da ya saɓa wa dokar tarayya, kamar leƙen asiri, da ta'addanci, da cin hancin jami'an gwamnati.

Tsarin mulkin da aka rubuta a 1787 ya danƙa ikon zartarwa a hannun shugaban ƙasa, ya kuma ɗora masa alhakin ganin an bi doka sau da ƙafa. A 1789 aka ƙirƙiro muƙamin babban lauyan gwamnati, wanda shi ne ministan shari'a, sannan a 1870 aka kafa Ma'aikatar Shari'a. A ƙarƙashin wannan ma'aikata hukumar FBI take, tare da manyan lauyoyi 93 masu gabatar da ƙara da sunan tarayya a sassan ƙasar. Shugaban ƙasa ne ke naɗa minista da shugaban FBI da waɗannan lauyoyi, da amincewar majalisar dattawa. Wajen sallamarsu kuwa ba ya buƙatar izinin majalisa. A nan matsalar take: jami'in da zai binciki fada ma'aikacin fadar ne, ga shi kuma ya yi rantsuwar kare tsarin mulki.

3.0 Zamanin Hoover: Hukumar da Ta Fi Ƙarfin Masu Ita

An kafa hukumar binciken a 1908, ta samu sunan FBI a 1935. J. Edgar Hoover ya shugabance ta daga 1924 har rasuwarsa a 1972, wato shekara 48, a ƙarƙashin shugabannin ƙasa takwas. Ya gina ta ta zama hukuma mai ƙwarewa, amma kuma ya tara bayanan sirri a kan ƴan siyasa da ƴan jarida, har ta kai shugabanni suna shakkar taɓa shi. Tsakanin 1956 da 1971 hukumar ta gudanar da wani shiri na ɓoye don wargaza ƙungiyoyin da take ɗauka a matsayin barazana. Cikin waɗanda aka sa wa ido har da Martin Luther King, jagoran fafutukar haƙƙin baƙaƙen fata, wanda aka yi ta naɗar maganganunsa a asirce.

Bayan mutuwar Hoover, wani kwamitin majalisar dattawa ƙarƙashin Sanata Frank Church ya bankaɗo waɗannan abubuwa a 1975 da 1976. Sai majalisa ta yi doka a 1976 cewa shugaban FBI ba zai wuce shekara goma ba. Dokar tana da manufa biyu: kada a sake samun wani Hoover, kuma kada wa'adin shugaban hukumar ya zo daidai da na shugaban ƙasa, wanda yake shekara huɗu. Sai dai dokar ba ta hana shugaban ƙasa korarsa kafin wa'adin ya cika ba.

4.0 Badaƙalar Watergate

Idan zamanin Hoover ya nuna haɗarin hukumar da ba ta da linzami, badaƙalar Watergate ta nuna haɗarin shugaban da ke son mayar da ita makaminsa. A ranar 17 ga Yuni, 1972, an kama mutum biyar da suka fasa ofishin jam'iyyar Democrat da ke ginin Watergate a Washinton. Jami'an FBI suka bi sawun kuɗin da aka samu a hannunsu, sawun kuwa ya nufi kwamitin yaƙin neman zaɓen Shugaba Richard Nixon. Bayan kwana shida, Nixon ya amince a sa hukumar leƙen asiri ta CIA ta nemi FBI ta dakatar da binciken, da hujjar tsaron ƙasa. Binciken ya ɗan yi tsaiko, sannan ya ci gaba. A ɓoye kuma, Mark Felt, wanda shi ne na biyu a FBI, ya riƙa tsegunta wa ɗan jaridar Washington Post Bob Woodward bayanai. Sai a 2005 Felt ya bayyana cewa shi ne.

A watan Mayun 1973 ministan shari'a Elliot Richardson ya naɗa Archibald Cox a matsayin mai gabatar da ƙara na musamman, bayan ya yi wa majalisar dattawa alkawarin ba zai kore shi ba sai da babban dalili. A watan Yuli aka gano cewa Nixon yana naɗar hirarrakin da ake yi a ofishinsa. Cox ya nemi faya-fayan, Nixon ya hana, kotu ta goyi bayan Cox. Ranar Asabar, 20 ga Oktoba, Nixon ya umarci Richardson ya kori Cox. Richardson ya ƙi, ya ajiye aiki. Aka juya ga mataimakinsa William Ruckelshaus, shi ma ya ƙi, ya bar kujerarsa. Na uku a ma'aikatar, Robert Bork, shi ya aiwatar da umarnin. Jaridu suka yi wa al'amarin laƙabi da kisan gillar daren Asabar, ko da yake muƙamai ne suka salwanta, ba a zubar da jinin kowa ba.

A lura da abin da ya faru a nan. Nixon ya samu abin da ya nema, domin an kori Cox. Amma murabus ɗin mutum biyun nan ya sa jama'a suka fahimci akwai lauje cikin naɗi. Saƙonnin fushi suka yi ta kwarara zuwa majalisa, aka fara maganar tsige shugaban ƙasa, dole aka naɗa wani mai binciken, Leon Jaworski, wanda ya ɗora daga inda Cox ya tsaya. A ranar 24 ga Yuli, 1974, alƙalai takwas na Kotun Ƙoli suka yanke hukunci baki ɗaya cewa sai Nixon ya miƙa faya-fayan. A cikinsu aka ji muryarsa yana amincewa da shirin toshe binciken FBI. Ya sauka daga mulki ranar 9 ga Agusta, magajinsa Gerald Ford ya yi masa afuwa bayan wata guda. Tsohon ministan shari'arsa John Mitchell kuwa sai da ya yi zaman gidan yari.

5.0 Gyare-gyaren da Suka Biyo Baya

Bayan Watergate an bi hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ta al'ada. Ministocin shari'a na zamanin Ford da Jimmy Carter suka shimfiɗa ƙa'idojin da suka taƙaita irin binciken da FBI za ta iya buɗewa, suka kuma iyakance mutanen fada da ke da damar tuntuɓar ma'aikatar a kan shari'ar da ake ciki. Waɗannan ƙa'idoji na cikin gida ne, kowace sabuwar gwamnati tana iya sake su.

Ta biyu ita ce ta doka. A 1978 majalisa ta samar da mai bincike mai zaman kansa, wanda alƙalai uku ke naɗawa, kuma ba a korarsa sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Kotun Ƙoli ta tabbatar da halaccin tsarin a 1988. Amma kowace jam'iyya ta ɗanɗana kuɗarsa. Lawrence Walsh ya shafe shekaru yana binciken gwamnatin Ronald Reagan kan sayar wa Iran makamai a ɓoye, Kenneth Starr kuma ya binciki Bill Clinton har majalisar wakilai ta tuhume shi a 1998, kafin majalisar dattawa ta wanke shi a 1999. A wannan shekarar aka bar dokar ta mutu. Daga nan ikon naɗa mai bincike na musamman ya koma hannun ministan shari'a, wato ya koma ƙarƙashin shugaban ƙasa.

6.0 Daga 2017 Zuwa 2025

Kafin 2017, sau ɗaya kawai aka taɓa korar shugaban FBI, lokacin da Clinton ya sallami William Sessions a 1993 bayan wani rahoto ya same shi da amfani da kayan ofis don buƙatar kansa. A ranar 9 ga Mayu, 2017, Shugaba Donald Trump ya kori James Comey, a daidai lokacin da hukumar ke binciken katsalandan ɗin Rasha a zaɓen 2016. Bayan kwana takwas mataimakin ministan shari'a ya naɗa Robert Mueller mai bincike na musamman. Rahoton Mueller na 2019 bai tabbatar da haɗin baki na laifi tsakanin kwamitin zaɓen Trump da gwamnatin Rasha ba. Game da zargin toshe bincike kuwa, bai ce shugaban ya yi laifi ba, bai kuma wanke shi ba. Ɗaya daga cikin dalilansa shi ne matsayin da ma'aikatar ta ɗauka tun 1973, cewa ba a gurfanar da shugaba mai ci a gaban kotun laifi.

A zamanin Joe Biden sai lamarin ya juya. FBI ta binciki gidan Trump da ke Florida a 2022, mai bincike na musamman Jack Smith ya shigar da ƙara biyu a kansa a 2023. Trump da magoya bayansa suka ce bi-ta-da-ƙullin siyasa ne, ma'aikatar ta ce doka take bi. A ranar 1 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai shida a kan uku, ta ce tsohon shugaba yana da rigar kariya a kan ayyukansa na ofis, kuma kariyar cikakkiya ce a kan tattaunawarsa da jami'an Ma'aikatar Shari'a. Da Trump ya ci zaɓen Nuwamba, ƙararrakin suka tsaya. Biden ya yi wa ɗansa Hunter afuwa a watan Disamba. Trump kuma, a ranar da ya koma mulki a Janairun 2025, ya yi afuwa ga kimanin mutum 1,500 da aka tuhuma da kutsa kai ginin majalisa a 2021. Shugaban FBI Christopher Wray ya sauka tun wa'adinsa bai cika ba, bayan Trump ya bayyana wanda yake so ya gaje shi, wato Kash Patel.

7.0 Kammalawa

Masana shari'a a Amurka sun rabu gida biyu. Wasu suna cewa shugaban ƙasa ne jama'a suka zaɓa, don haka dole kowane jami'in zartarwa ya bi umarninsa, in ba haka ba za a sake samun irin Hoover, wanda ba mai iya ce masa bari. Wasu kuma suna cewa idan shugaba ne zai zaɓi wanda za a bincika da wanda za a ƙyale, to, shi ke da wuƙa shi ke da nama, abokan hamayyarsa kuwa ba su da mafaka. Kowane ɓangare yana da hujja daga tarihin da aka kawo a sama.

Tsarin mulki bai raba wannan gardama ba, kuma hukuncin 2024 ya ƙara wa fada ƙarfi. Abin da ya rage na birki shi ne majalisa mai ikon bincike da tsigewa, da kotuna, da jaridu, da masu zaɓe, da kuma jami'in da zai yarda ya rasa kujerarsa maimakon ya bi umarnin da yake ganin bai dace ba. A 1973 da 1974 waɗannan duka sun yi aiki tare, har da ƴan jam'iyyar Nixon da suka juya masa baya daga ƙarshe. Saboda haka, duk lokacin da ɗalibi ya ji labarin an kori wani babban jami'in shari'a a Amurka, sanin cewa shugaba yana da ikon yin hakan bai wadatar ba. Ya kamata ya tambayi abin da jami'in yake bincike a kai, da wanda aka ɗora a gurbinsa, da kuma matakin da majalisa ta ɗauka bayan korar.