Abin da ya kamata ku sani game da babban baƙi a rubutun Turanci

Rubutun Larabci da ajami ba su raba baƙaƙe zuwa manya da ƙanana, amma Turanci ya raba, kuma masu duba jarrabawar WAEC da NECO suna rage maki idan ɗalibi ya yi sakaci da hakan. Ƙa'idar ba ta da wuya: babban baƙi alama ce ta farkon jimla ko ta sunan yanka.

Sunayen mutane, garuruwa, ƙasashe da hukumomi duk da babban baƙi ake fara su. Haka ma ranakun mako, watanni, harsuna, ƙabilu da addinai: Friday, June, Hausa, Islam. Kalmar I, wato "ni", babba ce ko da a tsakiyar jimla ta faɗo. Sai dai lokutan shekara, irin su summer da rainy season, da ƙaramin baƙi ake rubuta su.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne kalmar da take sunan yanka a nan, ta koma gama-gari a can. Idan muƙami ya jingina da sunan mai shi, babba ne: President Shehu Shagari. Idan shugaba kawai ake nufi, kowane ne, sai a rubuta a president. Bayero University sunan jami'a guda ce, amma a university kowace jami'a ce. Mai kwatancen hanya zai rubuta go north, amma mai maganar yankin Arewa zai rubuta the North. A darussan makaranta kuwa, English da French ne ke ɗaukar babban baƙi saboda harsuna ne; chemistry da history ba sa ɗauka.

Wani lokaci baƙi ɗaya ke juya ma'ana. Turkey ƙasar Turkiyya ce, turkey kuwa talo-talo. March watan Maris ne, march kuma maci.

Mai rubuta takardar neman aiki ya lura da rufewa: Yours faithfully, kalmar farko kaɗai ce ke da babban baƙi. Kada kuma a cika saƙo da manyan baƙaƙe zalla, domin a intanet ana ɗaukar hakan a matsayin tsawa.

Duk inda kuka yi kokwanto, ku tambayi kanku: wannan kalma sunan wani takamaiman abu ne, ko ta kowa da kowa ce? Amsar ita za ta zaɓa muku baƙin da ya dace.