Katin memori da rumbun bayanan hukuma

A fadojin shayi na Kore Mairuwa, bakin babbar hanyar Doso zuwa Dogon Dutsi, akwai maganar da ke yawo: wai kuɗin da manyan ma'aikatu ke cewa sun kashe wajen ajiye bayanai a kwamfuta cuwa-cuwa ce, tunda katin memori na ƴan jikkuna zai kwashe su kaf. Rabin maganar gaskiya ce, kuma bai kamata a raina masu ita ba. Hukumar zaɓe ta CENI ta yi rajistar mutum wajen miliyan 7.4 domin zaɓen 27 ga Disamba 2020. Ko da an ba kowa haruffa dubu na suna, ranar haihuwa da gari, jimillar ba ta kai giga 8 ba. Kati ɗaya ya isa.

Sai dai rajistar ta haɗa da hoto da zanen yatsu, waɗanda suka ninka rubutu nauyi sau da yawa. Ko wannan ma ba shi ne babban abin ba. Manomin Arewa ya san cewa ba wurin zuba damin hatsi ke da wuya ba, tsare shi daga gara, gobara da ɓarawo har wata damina ita ce ɗawainiyar. Haka bayanai suke. Dole a ajiye kwafi a wurare dabam-dabam, don kada wuta ɗaya ta cinye sunayen ƙasa guda. Dole na'urorin su amsa wa ɗaruruwan ma'aikata lokaci ɗaya, dare da rana, cikin ɗakin da ake sanyayawa ko a bazarar da zafi ke wuce digiri 40. A watan Agusta 2023 Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa kamfanin lantarki na NIGELEC, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar. A irin wannan hali gazuwal na janareto da batura ke riƙe da na'urorin. Ga albashin ƙwararru, ga kuɗin lasisin manhaja irin ta Oracle da ake biya duk shekara.

Wani zai ce ai da irin wannan bayani ake rufe kumbura kwangila. Ana iya yin haka, ban musa ba. Amma mai kwatanta kuɗin da farashin kati ya ba ɓarawo mafita, domin cikin minti ɗaya za a kayar da hujjarsa. Tambayar da ke kama mai laifi ita ce a fito da lissafi dalla-dalla: nawa aka sayi na'ura, nawa wuta ta ci, lasisin na shekara nawa ne, kwafi na biyu kuma a wane gari yake.