Furucin Ingilishi a Bakin Bahaushe

Ɗalibin da ya tashi da Hausa yakan fara yin tuntuɓe ne wajen p da f. Dalili kuwa, da leɓɓa biyu ake furta f ta Hausa, saboda haka kunnensa ba ya raba pan da fan. Wajen f ta Ingilishi sai leɓen ƙasa ya taɓa haƙoran sama. Wajen p kuwa a rufe leɓɓa ruf, sannan a saki iska. Madubi ya fi sauraro amfani a nan.

Sai kuma gaɓa. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu, shi ya sa bread ya koma burodi. A kalmar aro wannan wasali ya zauna daidai, amma a jarrabawar baka yakan jawo asarar maki.