Foman ɗin kafintoci: mutumin da ke tallafe da bene kafin kankare ya kama

Duk sa'ad da wani bene ya rufta a Najeriya, mai ginin da ɗan kwangila da injiniya ake fara nema. Haka aka yi bayan ruftawar bene mai hawa 21 a unguwar Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamban 2021, inda mutum fiye da 40 suka mutu. Sai dai a kowane wurin gini akwai wani mutum da ba safai sunansa ke fitowa a rahoton kwamitin bincike ba, alhali rayukan leburori na rataye da aikinsa. Shi ne foman ɗin kafintoci.

Mene ne aikinsa?

Jama'a sun fi sanin kafinta da ƙofa da kujera da rufin kwano. A ginin bene kuwa, babban aikinsa shi ne haɗa akwatunan katakon da ake zuba kankare a ciki: na ginshiƙai, na bim, na matakala da na dakin. Ɗanyen kankare ba ya iya tsayuwa da kansa, don haka katakon ne ke ba shi siffa, tokaran gora ko na ƙarfe kuma su ɗauki nauyinsa har ya kama.

Foman ne ke karɓar zanen injiniya ya mayar da shi awo a ƙasa. Shi ke ƙiyasta yawan katako da ƙusa da gora, ya raba wa yaransa aiki, ya tabbatar kowane ginshiƙi ya miƙe, kowane tokari ya zauna a kan ƙasa mai tauri ko a kan falanki don kada ya nutse. Shi ke daidaita lokaci da masu ɗaurin rodi da masu aikin wuta, domin da zarar an zuba kankare, gyara ya zama sai da fasawa.

Nauyin da katako ke ɗauka

Kankare mai faɗi da tsawo da kauri na mita ɗaya-ɗaya yana kai wa kimanin kilo 2,400. Dakin mai kaurin inci 6, wanda aka fi zubawa a gidajen zama, na ɗora kimanin kilo 360 a kan kowace murabba'in mita. Ke nan dakin mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10 na da nauyin tan 36, ban da leburorin da ke kai da kawowa a kansa da kwanonin kankare. Duk wannan nauyi a kan katako da gora yake, kuma a ranar zubi akwai kafintocin da ke ƙasa suna lura da tokaran. Idan ɗaya ya goce, nauyinsa kan koma kan maƙwabtansa, su ma su bi shi.

Yaushe ake cire katako?

A nan ne aka fi gwada foman. Kankare na ƙara ƙarfi ne a hankali: a kwana 7 yakan kai kusan kashi biyu bisa uku na ƙarfinsa, kuma sai a kwana 28 ake auna cikakken ƙarfin da aka tsara masa. Ana iya ɓamɓare katakon gefen ginshiƙi bayan kwana ɗaya ko biyu, amma tokaran ƙarƙashin dakin da bim na bukatar mako ɗaya zuwa uku, gwargwadon tazarar da ke tsakanin ginshiƙai. A tsawon wannan lokaci dole a riƙa shayar da kankaren ruwa, musamman a zafin bazara da lokacin hunturu, da iska ke busar da shi kafin ya nuna.

Jiran nan kuɗi ne. Ɗan kwangila na so a kwance katakon a hau da shi bene na gaba maimakon ya sayi sabo, mai gini na ƙosawa, kafintocin kuma sau da yawa jinga suka karɓa, ba sa samun ragowar kuɗinsu sai sun gama. Foman da ya ce a dakata yana iya rasa aikin, a kira wanda zai ce to. Wanda ya amince kuwa ya sa an ɗora sabon nauyi a kan dakin da bai ƙosa ba, kuma tsagewar da hakan ke haifarwa kan ɓuya a bayan filasta shekaru da yawa.

Ina doka ta ajiye shi?

Najeriya ba ta rasa hukumomi ba. An kafa COREN mai kula da aikin injiniya a 1970, da CORBON mai rajistar ƙwararrun magina a 1989, aka kuma fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa a 2006. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya na ba masu sana'ar hannu takardar gwajin sana'a mai matakai uku. Amma ba da izinin gini da sa ido a kansa na hannun hukumomin tsara birane na jihohi, kuma yawancin fomomi a wurin maigida suka koyi aiki tun suna yara, ba su da rajista ko'ina. Suna ɗauke da alhaki, ba su da ikon da takarda ke bayarwa na dakatar da aiki.

Haka batun diyya. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar aiki biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansu ga asusun NSITF, domin kula da wanda ya ji rauni a bakin aiki. Kafintan da ake biya kullum ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba kan sha wuya kafin ya tabbatar wane ne ma ya ɗauke shi aiki. Idan ya faɗo daga saman gini, sau da yawa foman da abokan aiki ne ke haɗa kuɗin asibiti.

Abin da ya kamata a tambaya

Makarantu da asibitoci da kasuwannin da gwamnatoci ke ginawa da kuɗin jama'a duk ta hannun irin waɗannan mutane suke bi. Masu bibiyar kwangiloli kan tsaya a kan nawa aka ware da wa aka ba. Akwai ƙarin tambayoyin da amsarsu ke wurin aikin: wa ya duba katako da tokara ya sa hannu kafin a zuba dakin, ranar nawa aka zuba kuma ranar nawa aka kwance, sannan ko sunayen kafintocin na cikin jerin waɗanda kamfanin ke biya wa kuɗin diyya. Duk kamfanin da ke aiki bisa ƙa'ida yana da waɗannan bayanai a rubuce, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun kwangila daga hukumar tarayyar da ta bayar da aikin.